Fitilar taimin mai lamba: ta yi, amma kar ka yarda da allonta ido rufe

Jama'a maganar fitilar duba taimin ce, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta a injin mota, irin sabbin nan masu ɗan allo a ƙeya da maɓallin sama da na ƙasa, wadda za ka danna mata digiri ita kuma ta jinkirta walƙiyarta har makin puli, wato alamar da ke jikin pulin karanshaf, ya dawo kan sifili. Ba zan kira sunan kamfani ba dan in ka jera su kusan duk fasalinsu ɗaya ne, abin da zan faɗa kan tawa zai hau kan mafi yawansu. Na jima ina aiki da ita a kan motoci masu distribita da kuma 'yan tsirarun da aka sa wa kwamfutar da ake iya shiga a taɓa lissafinta, kuma ra'ayina shi ne ta cancanci a saya, sai dai lambar nan da take nunawa, wadda ita ce ma take jan hankalin mutane su bar tsohuwar fitila su ɗauki wannan, ita ce kuma wurin da ya fi buƙatar a sa ido.

Abin da ke cikin jakar ba shi da yawa. Ita kanta fitilar mai siffar bindiga, sai wayoyi biyu ja da baƙi na kan batir, sai matsewa guda da ake rungumar wayar fulogi na ɗaya da ita. Matsewar nan akwai 'yar kibiya a jikinta, dole bakin kibiyar ya kalli fulogi ba distribita ba, in ka juya ta za ka ga walƙiyar tana zuwa tana ɗaukewa ka ɗauka injin ne ke tsallake wuta alhali kai ne ka maƙala a baibai. Wayoyin suna cirewa daga gindin fitilar, wannan na yaba sosai domin waya ce ke fara mutuwa a irin kayan nan, ta taɓa bututun salansa ta narke ko fanka ta cafke ta, to ka ga ba sai an jefar da fitila sukutum ba. Abin da ban yaba ba shi ne ƙarfin matsewar, cikinta wani baƙin dutse ne mai jan maganaɗisu da ke fashewa in ta faɗi a siminti ko ka sake ta ta rufe da ƙarfi, kuma in ya tsage ba za ka gani daga waje ba sai dai ka ga fitila ta fara shirme. A riƙa lallaɓa ta.

Haske kam tana da shi. A silo ko da rana tsaka ina ganin maki matuƙar na goge pulin na ja masa farin fenti ko alli, amma in aka taka totur injin ya haura juyi 3000 a minti hasken yana ɗan raguwa, ba laifinta ba ne sosai, ƙwan ba ya samun isasshen lokacin tara wuta tsakanin walƙiya da walƙiya. In ka ja motar inuwa shi ke nan.

Ga wanda bai saba ba, bari in faɗi me ake aunawa dan sauran maganar ta zauna. Fetur da iska a cikin silinda ba fashewa suke yi lokaci guda ba, ci suke yi daga bakin fulogi wutar ta bazu zuwa gefe, kuma wannan cin yana ɗaukar lokaci ko da ɗan ƙanƙani ne. Ana son matsin ya kai iyakarsa bayan fistin ya ɗan wuce ƙoli ya fara saukowa, wajen digiri 15 haka, a nan ne yake tura karanshaf da ƙarfi mafi yawa. To dan a samu hakan dole a kunna wutar tun fistin bai iso ƙoli ba. Shi ne in ka ji an ce taimin digiri 10 ne, ana nufin fulogi ya ba da wuta saura digiri 10 fistin ya kai ƙoli. Kuma lissafin ba ya tsayawa wuri ɗaya, a juyi 800 a minti karanshaf yana cin digiri kusan 5 ne a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, a juyi 3000 kuwa digiri 18 yake ci a wannan ɗan lokacin, ka ga in wutar ba ta matso gaba ba yayin da injin ke ƙara gudu sai fistin ya tsere mata. A zamanin Ford Model T direba ne da kansa yake wannan aikin da wani ɗan hannu a jikin sitiyari, ya ja wutar baya in zai tayar ya tura ta gaba in ya hau hanya, daga baya aka bar wa distribita, yanzu kuma kwamfuta.

Aikin farko da na fi yi da fitilar shi ne mafi sauƙi, saita taimin tushe a silo, kuma a nan ba na ma taɓa maɓallin digiri, a sifili nake barinta ta yi aiki irin na tsohuwar fitila. Ɗauki tsoffin Toyota masu injin 4A-FE ko 5S-FE misali, a bari mota ta yi zafi, a buɗe ɗan akwatin gwaji da ke cikin bonet a haɗa TE1 da E1 da 'yar waya, sannan a haska, littafinsu digiri 10 ya ce. Wannan haɗa wayar shi ne abin da mutane da yawa suke tsallakewa kuma shi ne gaba ɗayan aikin, domin in ba ka haɗa ba kwamfutar tana nan tana wasa da wutar gaba da baya dan ta riƙe silo, kai kana juya distribita ita tana gyara abin da ka juya, sai ka ga maki yana rawa ka ce fitila ce ba ta da kyau. Da ka haɗa sai makin ya tsaya cak. Honda Civic na 1992 zuwa 1995 su kuma soket ne mai baki biyu a ƙarƙashin dashbod ake haɗewa, a pulinsu akwai farin maki na ƙoli da wasu guda uku a jere na tsakiya ja, shi ake so ya dace da ma'aunin, digiri 16 ke nan. Tsoffin Ford masu injekta da distribita cire wani ɗan toshe ake yi mai suna SPOUT. Kowa da hanyarsa, kuma yawanci an rubuta a takardar da ke liƙe a ƙasan bonet in ba ta goge ba. A duk waɗannan fitilar ba ta taɓa ba ni matsala ba, walƙiyarta kaifi gare ta, makin yana fitowa tsaf ba inuwa biyu.

Na san akwai masu cewa su kunnensu ya ishe su, su kwance noti su juya distribita har injin ya yi daɗin sauti su ɗaure. Ba na raina gwaninta, akwai manyan da kunnensu yake kai su kusa ƙwarai, amma matsalar kunne ita ce injin da ke silo ba kaya a kansa yana son wuta gaba, kana turawa yana ƙara tashi yana ƙara laushi har ka wuce inda ya kamata da digiri goma ko fiye bai yi ƙorafi ba. Sai an ɗora masa kaya a hawa, giya babba, totur a ƙasa, rana ta take, sannan za ka ji ƙarar nan kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ragowar fetur ɗin da wutar ba ta kai gare shi ba ne yake fashewa da kansa saboda matsi da zafi, kuma shi ne ke karya gefen fistin inda ringi yake zama ya cinye gasket a hankali. Ƙari a kan haka distribita rabin gudun karanshaf take yi, dan haka digiri ɗaya da ka juya ta da hannu digiri biyu ne a puli, ɗan motsin da ko kaurin ƙwayar ashana bai kai ba ya isa ya canja mota. Gani ya kori ji malam.

Ja da baya fiye da kima shi ma ba tsira ba ne, mutane suna ɗauka nan ne wurin aminci. Mota ta yi nauyi, tana shan mai, allurar zafi tana hawa, wani lokacin da daddare ka leƙa ka ga bakin salansa daga jikin injin ya yi jajir saboda fetur ɗin bai gama ci ba aka buɗe masa bawul ya fita yana ci.

To yanzu maɓallin digirin, wanda shi ne ya bambanta ta da fitila ta gargajiya. Yawancin motoci ma'aunin da ke gefen puli gajere ne, daga sifili zuwa 15 ko 20 ya ƙare, wasu ma tsaga ɗaya ce tak. Da tsohuwar fitila in ka taka totur makin zai gudu ya fita daga ma'aunin ka san dai ya tafi amma ba ka san ina ya tsaya ba. Da wannan kuwa sai wani ya riƙe maka totur a juyi 2000, kai kana danna sama kana kallon makin yana dawowa a hankali a hankali har ya zauna kan sifili, ka juyo ka karanta allo, abin da ya nuna shi ne taimin a wannan gudun, ka rubuta, a ƙara zuwa 2500, zuwa 3000, zuwa 3500, kafin ka ankara ka zana yadda distribitar take tafiya da wutar daga ƙasa har sama. Kuma tana nuna juyin injin a allon guda, ba sai kana ihu kana tambayar na cikin mota allura ta kai nawa ba. Wallahi ranar da ka fara yin wannan za ka gane taimin silo ɗan ƙaramin yanki ne na labarin.

Akwai wata tsohuwar mota mai kafireta silinda huɗu da aka kawo da kukan cewa in ta yi zafi kik ba ya iya juya ta, sai ya yi gurnani ya tsaya kamar batir ya mutu, an canja batir an gyara kik abin yana nan, kuma duk da haka a hanya ba ta da ƙarfi. Na cire tiyon iska na jikin distribita na toshe shi, na haska a silo, wutar tana wajen digiri 20, ya yi yawa ƙwarai shi ya sa take turo fistin baya lokacin tayarwa. Wanda ke da tsohuwar fitila a nan zai tsaya, ya mayar da ita 8 ya ɗaure ya ce an gama, kuma motar za ta tashi lafiya amma ta ƙara mutuwa a hanya. Da na sa aka taka totur ina bin makin da maɓalli sai na ga daga silo har 3000 digiri huɗu ko biyar kawai ya ƙaru, alhali ya kamata ya ƙaru da wajen ashirin. Na buɗe murfin distribita na murɗa rota da yatsu, ya kamata ta ɗan juya ta dawo da kanta kamar mai sifirin, wannan ko gezau. A ƙasan farantin akwai wasu ƙarafa biyu masu nauyi da gudu ke watsa su waje su tura wutar gaba, ƙananan sifirin biyu suna riƙe da su, to sun yi tsatsa sun liƙe, man da ke wurin ya bushe ya zama kamar ƙaro. Ashe wani ne can baya ya ga mota ba ta ja sai ya yi ta tura distribita gaba dan ya cike giɓin. Wankewa da ɗigon mai kawai suka buƙata, aka mayar da silo inda littafi ya ce, sama kuma ta riƙa kaiwa wajen talatin. Irin wannan aikin shi ne dalilin da zan ce a sayi mai lamba.

Haka ma gwangwanin iskar nan na gefen distribita, wanda ke ƙara wuta gaba in kana tafiya a hankali totur a ɗan buɗe, lokacin cakuɗin fetur da iska ya yi siriri yana ci a hankali. Ka auna a 2500 tiyo a cire, ka mayar da tiyo ka sake aunawa, bambancin shi ne aikin gwangwanin, in ba bambanci robar cikinsa ta fashe ko tiyon ya toshe, kuma yawanci irin motar nan ce mai ita zai ce lafiyarta lau sai dai shan mai.

Yanzu inda take ƙarya. Ita fitilar ba ta ganin karanshaf, abin da ta sani kawai shi ne tazarar lokaci tsakanin wuta da wuta a wayar fulogi na ɗaya, daga nan take ƙiyasta gudun injin ta lissafa daƙiƙa nawa ne digirin da ka danna sannan ta jinkirta walƙiya gwargwadon haka. Muddin lissafin gudun ya kuskure to lambar ma ta kuskure, kuma ba za ta gaya maka ba, za ta nuna maka lamba mai kyau har da ɗigo. Wuri na farko da wannan ke faruwa shi ne injinan da ba su da distribita, masu kwayil ɗaya da ke ba fulogi biyu wuta tare, na ɗaya da na huɗu, na biyu da na uku. A waɗannan fulogi yana samun wuta kowane juyi ɗaya maimakon kowane juyi biyu, ita kuma fitilar tana zaton tazarar digiri 720 ce alhali 360 ce, sai ta nuna maka juyin injin ninki biyu, taimin ma ninki biyu, wuta tana 15 allo ya ce 30. Ka yi tunanin mutum ya ga 30 a silo ya firgita ya shiga kwamfuta ya rage rabi. Akwai maɓallin da ake mayar da ita yanayin injin mai bugu biyu, wato mai ba da wuta kowane juyi ɗaya, in ka danna shi lissafin ya daidaita, amma takardar da ta zo da ita a layi ɗaya ta ambaci hakan can ƙasa da ƙananan haruffa, kuma duk lokacin da ka cire ta daga batir tana mancewa ta koma yadda take. Wannan ya ba ni haushi gaskiya, abu ne da ya kamata a rubuta ɓaro-ɓaro a jikinta.

Wuri na biyu, akwatunan wuta na masu tseren mota irin na MSD, waɗanda a ƙasa da juyi 3000 suke harba tartsatsi da yawa a jere maimakon guda ɗaya. Fitila mai lissafi tana ruɗewa ta rasa wanne za ta ƙirga. A nan babu wata dabara, ka bar ta a sifili ko ka ɗauko tsohuwa.

Na uku ya fi su ɓoyuwa. In gudun injin yana canjawa, ana taka totur ana saki, ko silo ɗin ba ya zaune, lissafinta kullum yana baya da taki ɗaya domin da tazarar da ta wuce take auna mai zuwa. Sai ka ga maki yana lilo digiri biyu uku ka fara zargin sarƙar taimin ta saki ko bushin distribita ya ci. Yadda nake rarrabewa shi ne in mayar da ita sifili in sake kallo, in makin ya tsaya to lissafin fitila ne, in yana nan yana rawa to da gaske akwai abin da ya saki a injin. Kuma na gwada ta gefe da gefe da tsohuwar fitila a kan pulin da na zana wa digiri da kaina, a silo bakinsu ɗaya, a can sama wajen 3500 ta kauce da digiri ɗaya zuwa biyu. Ga motar hawa ta yau da kullum wannan ba komai ba ne. Ga injin da aka matse kansa ko aka ɗora wa turbo, inda tsakanin ƙarfi da fasa fistin bai wuce digiri biyun nan ba, ni ba zan jingina da ita ba.

Zana pulin kuwa ba wuya, kuma ina ba duk wanda ya sayi fitilar nan shawarar ya yi ko sau ɗaya ne dan ya san halin tasa. Ka auna faɗin pulin ka ninka da 3.14 ka raba da 360, abin da ya fito shi ne tsawon digiri ɗaya. Puli mai faɗin milimita 150 zai ba ka kusan milimita 1.3, ke nan digiri 10 milimita 13, digiri 30 milimita 39. Ka auna daga makin ƙoli zuwa ɓangaren da pulin ke juyawa ka ja layi da fenti. Sai ka haska a sifili ka ga layin 30 ya zo kan ma'auni, ka riƙe gudun a nan ka danna maɓalli har makin ƙoli ya dawo, in allo ya ce 30 madalla, in ya ce 32 ka san naka yana ƙari da biyu.

Sannan akwai ƙaryar da ba tata ba ce amma ita ake ɗora wa. Pulin karanshaf na motoci da yawa ƙarfe biyu ne da roba a tsakani, makin yana kan zoben waje, in robar ta tsufa ko mai ya jiƙa ta zoben yana zamewa ya tafi da makin. Fitila ko ta nawa ce abin da ke kan zoben za ta nuna maka. In ka saita daidai da littafi mota ta ƙi, kafin ka zagi kowa ka tabbatar da ƙolin, cire kan batir, cire fulogi na ɗaya, ɗaura abin tokare fistin a ramin, juya injin da sifana a hankali har ya tokare ka yi alama, juya shi baya har ya sake tokarewa ka yi alama, tsakiyar alamomin biyu shi ne ƙoli na gaskiya. In bai faɗa kan makin kamfani ba puli ya zame, canja shi ake yi domin wanda ya fara tafiya ba tsayawa zai yi ba. Kar dai a kuskura a taɓa kik abin tokarewar yana ciki.

Fitilar tawa tana auna wutar batir tana kuma auna kusurwar rufewar kwantak, wato ɗan makunnin da ke buɗewa yana rufewa a cikin distribitar tsoffin motoci. Na batir ɗin kusan ado ne, kowa yana da mita. Na kwantak kuwa yana da amfani ga mai tsohuwar mota, domin ɗan robar da ke gogar kam yana cinyewa, gibin ya ragu, taimin ya ja baya da kansa ba wanda ya taɓa distribita, shi ya sa ake fara saita kwantak kafin taimin, in ka yi akasin haka aikin banza ka yi sai ka sake.

Masu sabbin motoci, gaskiya yawancinku ba ku buƙatarta. Motar da ke da kwayil a kan kowane fulogi babu abin juyawa, sensa ce ke karanta haƙoran karanshaf kwamfuta ta yanke hukunci, ga kuma sensar da ke sauraron ƙwanƙwasa a jikin bulok ta ja wutar baya in fetur ɗin bai da ƙarfi. Sikana ta OBD2, wadda ake jonawa da kwamfutar mota, za ta nuna maka digirin kana zaune a kujera. Sai dai a tuna lambar sikana abin da kwamfuta ta yi niyya ne, ba abin da ya faru a puli ba. Ga motar da ba a taɓa ba biyun ɗaya ne. Ga wanda ya sa kwamfutar gyara ko ya canja farantin haƙora kuwa dole a tabbatar, a kulle taimin a cikin manhajar a kan digiri 10, a zaro kwayil na ɗaya a sa guntuwar wayar fulogi tsakaninsa da fulogin dan matsewar ta samu abin kamawa, a haska, a yi ta gyara lambar kusurwar sensa har puli ma ya ce 10, sannan a taka totur a ga ko makin ya tsaya ko yana janyewa baya. In ba a yi wannan ba duk teburin taimin da za a rubuta a kan ƙarya aka gina shi. Kuma a wannan aikin a sifili nake barin fitilar, abin dariya, aikin da ya fi kowanne tsada shi ne wanda ba na amfani da lambarta. Wani abu kuma, in injin bai taɓa tashi ba kana son ka duba wutar da kik kawai, allon tawa yana ɗaukewa saboda batir yana faɗuwa lokacin juyawa, sai na jona ta a wani batir daban sannan ta yi.

Kar kuma a sa ran za ta gaya maka digiri nawa injinka yake so, wannan ba aikinta ba ne. Lambar littafi an yi ta ne dan injin kamfani da fetur ɗin da kamfani ya ce, da ka rage kan silinda ko ka canja kam ko ka koma fetur mai ƙarancin okten ko ka hau tudu mai nisa inda iska ta yi siriri, abin da injin ke so ya motsa. Tsoffin V8 na Chevrolet yawanci wajen 34 zuwa 36 suke so in totur yana ƙasa gudu ya kai, Volkswagen mai sanyaya da iska mai distribita samfurin 009 ana tsayar da ita tsakanin 28 da 32, injin zamani mai bawul huɗu da fulogi a tsakiya yana gama ci da sauri dan haka ƙasa da haka yake nema. Nemo wurin sai da na'urar auna ƙarfi ko gwaji a hanya digiri biyu biyu ana saurare, kuma da ƙarfi ya daina ƙaruwa a tsaya ko da ba a ji ƙara ba, a ɗan ja baya ma. Fitilar amfaninta ka san inda kake, ka iya komawa can gobe.

Hattara guda da ba zan bari ba, walƙiyar tana sa puli da bel su yi kamar a tsaye suke, ido yana yarda hannu ya bi. Fankar lantarki ma tana tashi ba sallama. A naɗe hannun riga, a bi da wayoyin ta bayan injin, kuma in za a juya distribita injin yana aiki a riƙe ta daga gindi nesa da wayoyin fulogi.

In motarka ɗaya ce mai injekta da distribita kuma sau ɗaya a shekara za ka duba digiri 10 ɗin nan, sayi fitila marar lamba, ta fi sauƙi ta fi jure wahala kuma ba ta da lissafin da za ta kuskure. In kana taɓa tsoffin motoci masu kafireta, kana son ganin abin da ƙarafan distribita da gwangwanin iska suke yi, mai lambar za ta biya kanta a aiki ɗaya ko biyu. In injinan tsere ko turbo kake yi, saye ta saboda allon juyi da saurin dubawa, amma ka zana pulinka kuma ka ajiye tsohuwar a jaka. Kafin ka biya ka tabbatar tana da maɓallin bugu biyu da bugu huɗu, wayoyinta suna cirewa, kuma ana samun matsewar daban in ta fashe.